Gayyar Turin Jirgi a Unguwar Kanya

A Unguwar Kanya, wani ƙaramin gari tsakanin Hunkuyi da Makarfi, an yi wani mutum wai shi Tanko, wanda bakinsa ya fi hannunsa aiki nesa ba kusa ba. Ya taɓa yin wata bakwai a filin jirgin sama na Kano, tun kafin a sami mulkin kai. Abin da ya yi a can Allah kaɗai ya sani, don bai tafi da kowa ba. Abin da dai ido ya gani shi ne ya dawo da sifana guda ɗaya da wani tabarau irin na matuƙa jirgi, ido ɗaya a fashe. Tun daga ran nan ya hana a kira shi Tanko ziryan, sai an haɗa da Injiniya.

Kada a ce ban yi masa adalci ba, ya yi gyare-gyare a garin. Shi ya gyara keken Liman, ya kwance shi kaf ya mayar, aka sami ragowar ƙarafa cike da ƙoƙo, kuma tun daga lokacin Liman ƙafa yake takawa zuwa ɗaurin aure. Shi ya gyara rediyon Dagaci Lawal, wadda da take magana da ƙyar, bayan gyara ta yi shiru na har abada. Da aka tambaye shi sai ya ce daga Kaduna aka rufe tashar.

Abin da ke riƙe da gidansa kuwa gona ce guda ɗaya, ita ma ba tasa ba. Matarsa Ummuhani ce ta gada wajen mahaifinta. Gonar tana gefen burtali, hanyar da shanu ke bi, ta gangara har zuwa fadamar da Dagaci ke shuka rake. A shekarar da nake ba ku labari, shekara huɗu da ɗaga tutar mulkin kai, Ummuhani ta sayar da awakinta biyu ta sa 'yan ƙwadago suka yi noma da maimai, don Injiniya ya ce hannun da ya taɓa injin jirgi ba ya riƙe fartanya. Allah ya sa albarka, dawar ta yi kyau, ta fid da kai tana zuba ido, saura mako uku ko huɗu a yanka. A rumbu kuwa saura dami uku na tsohuwar dawa, Ummuhani tana lallaɓa su su kai gidan ga kaka.

Wata Talata da hantsi Tanko na zaune gindin ceɗiyar ƙofar Dagaci, ya ɗora tabarau a goshi, yana ba mutane karatu.

"Jirgi ai ba wani abu ba ne," in ji shi. "Mota ce aka yi wa fukafukai. Ni da nake kwance injinsa ido rufe? Turawa a bayana suke tsayawa da takarda suna rubutawa."

Sada maƙeri, taubashinsa, wanda ba ya raga masa ko a wurin jana'iza, ya ce, "Suna rubuta abin da ya ɓata ke nan."

"Kai da ƙarfen da ka sani bai wuce ruwan fartanya ba, me ka sani?"

"Na san fartanyata tana aiki bayan na taɓa ta."

Ana cikin dariya sai aka ji ƙugi daga wajen Ikara. Wani ɗan ƙaramin jirgi ne fari, mai farfela ɗaya a hanci, yana tafiya ƙasa-ƙasa. Tanko ya miƙe, ya sauko da tabarau kan idonsa, ya ɗaga hannu ya ce kowa ya yi shiru.

Injin jirgin ya yi tari sau biyu.

"Kun ji? Giya ya sauya," in ji Tanko.

Injin ya sake tari, ya yi wata 'yar shessheƙa, sannan ya yi tsit. Farfelar ta juya a hankali ta tsaya cak.

"Kashewa ya yi don ya rage shan mai. Haka ƙwararru ke yi in sun zo gangara."

Sada ya ce, "To, Injiniya, ita gangarar tasa kamar kanmu ta nufo."

Jirgin kuwa ya karkato shiru, sai fito da iska ke yi a fukafukansa. Ya kauce wa kukar bayan gari da ƙyar, ya daidaita hancinsa da burtali, yana saukowa. Wuri ya kaure da salati, kowa ya yi ta kansa. Da aka waiwaya a tambayi masani abin yi, takalminsa kawai aka gani gindin ceɗiya.

Jirgin ya dira a burtali, ya yi tsalle sau biyu, ya yi ta gudu yana watsa kashin shanu har ya tsaya daidai gefen gonar Ummuhani, ko kara ɗaya bai karya ba. Wani Bature dogo ya fito yana share gumi, bayansa wani ɗan ƙasa mai kaki, Malam Zainulabidin, ma'aikacin safiyo, wanda ya faɗi ya yi sujada a nan cikin ciyawa.

Sai da jama'a ta taru, aka tabbata ba abin da zai fashe, sannan Tanko ya rarrafo daga ƙarƙashin rumbun Huseina mai ƙosai, da kashin kaji a gaban riga. Ya ratsa taro yana ture mutane.

"Ku ba ni hanya. Zuwa na yi in duba inda iska ke kaɗawa, in nuna masa wurin sauka. Ba ku ga inda na nuna ya sauka ba?"

Huseina ta ce, "Iskar a ƙarƙashin rumbuna take kwana? Ka fasa mini ƙwai huɗu, Injiniya."

Bai kula ta ba. Ya tsaya gaban Bature ya ƙame ya sara masa, ya ce, "Gudu monin sa!" Bature ya gyaɗa kai. Tanko ya juyo ga jama'a ya ce, "Ya gane ni."

Malam Zainulabidin ya gaida Dagaci yadda ya kamata, sannan ya yi bayani. Hoton ƙasa suke ɗauka daga sama don zana taswira, injin ya mutu musu, Allah ya kiyaye. Bature ba zai sake tashi ba sai makaniki ya zo daga Zariya ya duba. Za su tafi Makarfi su buga waya, jibi za su dawo.

"Abu ɗaya muke roƙo, ranka ya daɗe," in ji shi. "Kada kowa ya taɓa jirgin nan. Ko ƙura ce a bar masa kayansa."

Dagaci Lawal mutum ne da ko takardar gwamnati ya gani sai ya rikice, balle jirgin gwamnati a bayan gidansa. Ya ba baƙi dokinsa da keken ɗansa suka tafi, sannan ya dubi jama'a ya ce wa zai yi gadi. Kowa ya sunkuyar da kai, sai mutum ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama," in ji Tanko.

Ƙurar dokin ba ta gama kwantawa ba ya zagaya jirgin sau uku, ya ƙwanƙwasa cikinsa da sifana, ya kara kunne. Sannan ya sanar cewa sanyin sama ne ya kama injin, a kawo kara a hura wuta a ƙarƙashinsa, yadda direbobi ke yi wa manyan motoci da asuba. Har an kawo karan, Sada ya kama hancin Tanko ya kai shi kusa da fiffike.

"Shaƙa. Me ka ji?"

"Fetur."

"To, in ka gaji da duniya ka tafi kai kaɗai, mu muna da 'ya'ya."

Tanko ya ce dama gwada su yake yi ya ga ko akwai mai hankali a garin. Ya zauna a inuwar fiffike yana tunani, kuma a nan ne babbar dabara ta faɗo masa. Akwai wata tsohuwar motar kasuwa da ke zuwa Makarfi, an rubuta mata Sannu Ba Ta Hana Zuwa a goshi. Tunda aka san ta ba ta taɓa tashi da makulli ba. Tura ta ake yi, in ta ɗauki gudu direba ya saka giya ya saki kuloci, sai ta yi tari ta kama. To, jirgi mota ce mai fukafukai. Kafin Bature ya dawo jibi zai tarar da injinsa na ruri, da Injiniya Tanko zaune a ciki. Daga nan kuwa sai Kaduna, sai lambar girma, sai ofis mai fanka.

Matsala ɗaya ce, burtali a kwance yake, ba gangara. Tanko ya ɗaga kai ya ga gonar matarsa ta miƙe sumul har fadama.

Da la'asar ya shiga gida ya tarar da Ummuhani tana tankaɗe.

"Kunya goma kawai za a sare a tsakiyar gonarki, a baje, a yi wa jirgi hanya," in ji shi. "Sannan gobe akwai gayya, sai ki sauke daman nan uku a yi fura da tuwo."

Ta ajiye rariya. "Malam, sake faɗa, kunnena ya toshe da gari."

Ya sake faɗa, har da ƙarin bayanin giya da kuloci.

"Dawar da ko ƙwari ba ta yi ba za ka sare? Da daman da nake auna mana da tafin hannu? To mu ci me?"

"Shinkafa da burodi! Ke ba ki hangen nesa. Wata mai zuwa war haka kina gidan gwamnati a Kaduna, famfo a tsakar gida. Makka ma a gaban jirgi zan zaunar da ke."

"Ka fara kai Liman unguwar gabas a kekensa tukuna."

"Mace ba ta san inji ba."

"Na san yunwa. Ba a taɓa mini gona, ba a taɓa mini rumbu."

Sai a nan ya gaya mata cewa ai ya riga ya kai wa Sarkin Noma goron gayya, an raba wa samarin gabas da na yamma, an kuma gaya wa makaɗa. Ummuhani ta san abin da wannan ke nufi. A ƙasar nan goron gayya in ya fita ba ya dawowa. Gidan da ya kira gayya ya bar mutane da yunwa kuwa, makaɗa sun sami abin waƙa ke nan har jikoki, kuma sunan matar gidan ake kamawa, ba na mijin ba. Ta share hawaye da bakin zane, ta aika aka kira mata maƙwabta su taya ta sussuka.

"Kunya goma," in ji ta. "Ka rantse."

Ya rantse har da dafa sifana.

Laraba da sassafe samari wajen sittin suka hallara da adduna da garemani, na gabas a wannan gefe, na yamma a wancan. Tanko ya zuba toka ya shata kunya goma. Gangar noma ta tashi, makaɗi ya shiga kiran sunayen iyaye da kakanni, samari suka afka wa dawa. Shi kuwa mai gayya ya koma gindin jirgi, inda mutanen Hunkuyi da na Kudan suka cika maƙil don kallo, yana nuna musu wutsiya yana cewa nan ne ake zuba ruwan lagireto.

Wanda ya san gayya ya san ganga ba ta san toka ba. Kafin rana ta yi zafi an gama kunya goma, amma na gabas suka ga na yamma ba su miƙe ba, na yamma kuma suka rantse ba su za su fara ajiye adda ba a gaban 'yan mata. Da Tanko ya waiwaya, an ci rabin gonar. Ya sheƙa da gudu yana ɗaga hannu, yana kiran Sarkin Noma.

"A tsaya! Kunya goma na ce!"

Sarkin Noma ya ce, "Haba Injiniya, a ina ka taɓa jin gayya ta bar gona rabi? Sai a ce samarin Unguwar Kanya sun gaza."

Makaɗi kuwa da ya ga mai gayya ya iso, sai ya juyo da ganga kansa, ya buɗe murya: "Tanko na Ummuhani, mai sifana ɗaya aikin dubu! Ka koya wa Bature, Bature ya manta, ka sake koya masa! Gwamna na jiranka, kada ka sa shi tsayuwa!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Baƙin Hunkuyi da na Kudan suka matso su ga wane ne wannan. Sada ya zo kusa ya ce da murya mai daɗi, yadda kowa zai ji, "Af, taubashi, ba kai ka ce mana hanyar jirgi a Kano ta fi garin nan faɗi ba? Ashe kunya goma ce."

Tanko ya dubi sauran dawar, ya tuna rantsuwar jiya. Ya dubi idanun da ke kansa, ya ji gangar na kiran sunansa. Kansa ya kumbura har tabarau ya matse shi.

"A ƙarasa!" in ji shi.

Da azahar Ummuhani ta iso da mata ɗauke da ƙoren fura da akusan tuwo. Ta tsaya inda gonarta take da, ta ga fili fetal, an tara karan a gefe, ana baje kunyoyi. Ta sauke ƙwaryar a hankali don kada ta zube. Ta ɗauki zangarniya ɗaya daga ƙasa, ta matsa ƙwayar da farce, wani farin ruwa ya fito kamar nono. Ni dai ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata a ran nan ba. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ta tsaya ta raba abinci har kowa ya ƙoshi, don kada a ce gidan ubanta ya ba da kunya. Tanko ya lallaɓa bayan jirgi, ya ce yana duba taya.

Alhamis da hantsi aka yi taron da ba a taɓa yin irinsa ba a Unguwar Kanya, har da masu tallan rake da gyaɗa. Dagaci ya zo ya ce, "Tanko, an fa ce kada a taɓa."

"Ranka ya daɗe, ai jahilai ake nufi."

Aka ciccibo wutsiyar jirgi aka juya hancinsa ya dubi gangara. Tanko ya kwance wayar da Bature ya ɗaure ƙofa da ita, ya haye, ya zauna, ya ɗaure ɗamarar kujera, ya gyara tabarau. Sannan ya dubi gabansa. Agogo-agogo ne birjik, wajen goma sha biyu, ba wanda ke nuna lokaci. Babu sitiyari irin na mota, sai wata sanda a tsakanin ƙafafunsa. Ya ce a ransa wannan ita ce giyar. Kulocin ne bai gani ba, amma ya ga wasu abin takawa guda biyu, ya ce dole ɗayansu ne.

Ya leƙo ta taga ya ce, "In na ce ku tura, ku tura da zuciya ɗaya!"

Ganga ta tashi. Samarin gabas suka kama fiffiken dama, na yamma suka kama na hagu, gasar jiya ta dawo sabuwa. Jirgi ya motsa, ya fara tafiya, ya fara sauri. Ashe abin ba shi da nauyin motar kasuwa ko kusa. Kafin a kai tsakiyar gona ya fi ƙarfin masu turi, suka bi shi da gudu, wasu suka kife, ya bar su a baya.

Tanko ya ja sanda baya, ya jira tari. Shiru. Ya tura ta gaba. Shiru. Ya taka na dama, jirgi ya karkata ya nufi masu tallan gyaɗa, suka watse, faranti na tashi sama. Ya taka na hagu, jirgi ya juyo ya bi makaɗa, mai babbar ganga ya yar da ita ya haye tarin kara. Farfela dai na nan tsaye cak yadda Bature ya bar ta, fadama kuwa tana matsowa.

"Ku riƙe shi!" in ji Tanko. "Jama'a ku riƙe shi! Ina birki?"

Sada na gudu a gefe yana haki, yana ihu, "Injiniya, sa giya ta biyu!"

"Wayyo Inna! Sada, don Allah, don zumunci!"

"Saki kuloci mana!"

Jirgin ya tsallake iyakar gona, ya kutsa cikin raken Dagaci yana karya shi ɓaras-ɓaras, tayoyinsa suka nutse a laka, ya kafa hanci ƙasa, wutsiya ta dubi sama. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai kwaɗi da muryar Tanko, wanda ɗamara ta riƙe yana reto, yana karanta duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa.

Daidai wannan lokaci wata Landiroba ta tsaya a bakin burtali. Bature ya fito, da Malam Zainulabidin, da 'yan doka biyu, da wani gajeren mutum mai akwatin ƙarfe, Tukur makaniki. Bature ya dubi inda ya bar jirginsa, ya bi sawun taya da ido har fadama. Ya cire hularsa, ya zauna a ƙasa daɓas.

Aka shiga laka aka kwanto Tanko aka fito da shi, tabarau a wuya, laka har kunne. Duk da haka da ya ga makaniki sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Yawwa, abokin aiki, ka zo a kan gaɓa. Na gano ciwon, kulocinsa ne ya ƙone."

Tukur ya matso ya ƙura masa ido, sannan ya tafa hannu.

"La ilaha illallahu! Tanko mai lauje!"

Dagaci ya ce, "Ka san shi ne, Malam?"

"Ranka ya daɗe, wa bai san shi ba a filin Kano? Ina yaron makaniki a lokacin, shi yana yankan ciyawa a bakin shinge. Ko inuwar jirgi ba a bari ya taka. Akwai wata doguwar jakar yadi da ake ratayewa a kan sanda, don matuƙa su ga inda iska ke kaɗawa. Wannan bawan Allah ya sauke ta ya kai wa tela ya ɗinka masa wando. Ranar aka sallame shi."

Sada ya dafe ƙirji. "Tsaya, Malam. Yadin nan, mai ratsin ja da fari ne?"

"Shi ne."

"Jama'a, wandon da ya yi angonci da shi ne! Wanda ya ce Gwamna ya ba shi!"

Dariyar da aka yi a fadamar nan, an ce har Hunkuyi an ji. Huseina mai ƙosai sai da aka riƙe ta. Tukur ya girgiza kai ya ce, "Amma fa a faɗi gaskiya, a yankan ciyawa ban ga kamarsa ba."

Sannan ya shiga laka ya duba jirgin. Ya murɗa wani ɗan abu a ƙarƙashin injin, ya tara kwalba, ya ɗaga ta kowa ya gani: mai a sama, ruwa kwance a ƙasa.

"Ga abin da ya kashe injin, ruwa ne ya shiga mai. Aikin da bai kai a dama fura a sha ba. Da kun bar shi inda yake, da yanzu ya tashi ta burtalin da ya sauka. Yanzu kuwa farfela ta lanƙwashe, sai an cire fukafukai an loda shi a babbar mota."

'Yan doka suka kama Tanko hannu bibbiyu, za su kai shi Makarfi. Dagaci, da ya tuna wa ya naɗa shi gadi, ya shiga roƙo yana ranka ya daɗe ga kowa har da direba. Sai ga Ummuhani ta ratso taro, ta durƙusa.

Tanko ya ji sanyi a ransa, ya ce, "Kun gani? Matar kirki ke nan."

Ta ce, "Ranku ya daɗe, roƙona ɗaya. Ku tafi da shi. Na ji an ce a can ana ba su tuwo sau biyu a rana."

Malam Zainulabidin ya fassara wa Bature. Bature ya dubi filin da aka share, ya dubi tarin ɗanyar dawa, ya dubi matar. Ya yi magana gajeriya ya tashi ya koma mota. Malam Zainulabidin ya ce, "Ya ce a sake shi. Wai ba hukuncin da zai yi masa da ya kai wanda ya yi wa kansa." Dagaci kuwa, da ya ga wuyansa ya fita, sai muryarsa ta dawo. Ya ce saboda rakensa, Tanko zai riƙa yanko wa dokinsa ciyawa kullum har wata kakar, tunda ga shaida an bayar cewa nan ya ƙware.

Da magariba Tanko ya shiga gida ta ƙofar baya, ya wanke laka, ya zauna a kan tabarma kamar kullum. Tun safe bai sa komai a bakinsa ba. Ya ɗan yi gyaran murya, ya ce, "Ai ke ba ki gane ba ne. Da gangarar ta ƙara tsawo kaɗan, da ya kama."

Ummuhani ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da akushinsa, an rufe da faifai, ta durƙusa ta ajiye a gabansa da ladabi, ta kawo ruwan wanke hannu. Tanko ya yi murmushi, ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ɗaga faifai.

Sifana ce a ciki, da tabarau mai ido ɗaya.

"Ummuhani, ina tuwon?"

"Ya ƙi tashi, Injiniya," in ji ta. "Sai ka kira gayya a tura."